Launin da Ke Jikin Balbela

Duk wanda ka tare a hanya ka tambaye shi launin balbela, ba zai ɓata lokaci ba zai ce maka fara ce, wataƙila har ya bi ka da kallon mamaki. Yaro ya sani, makiyayi ya sani, ɗan birnin da bai taɓa bin shanu ba shi ma ya sani. Amma mu masu zane da fentin mai, babu tsuntsun da ke tsayar mana da hannu kamarta. Matso farin fenti zalla ka cike siffarta da shi a kan ƙyallen zane, ka ja da baya ka duba. Ba za ka ga balbela ba. Wani farin fili za ka gani shimfiɗe, ba nauyi, ba tudu, ba alamar akwai ƙashi da tsoka a ƙarƙashinsa.

Sai ka koma fadama ka sami wuri ka zauna, ka ƙura mata ido, sannan za ka ga inda gizo ke saƙa. Gadon bayanta sama yake kallo, don haka shuɗin sararin samaniya na kwance a kansa, siriri ne amma yana nan. Cikinta kuwa ƙasa yake kallo, abin da ke ƙasan shi yake ɗauka: in a kan ciyawar damina take tsaye, sai ya yi tsanwa-tsanwa, in a kan jar ƙasa ce sai ya yi ja-ja. Ƙarƙashin haɓarta, inda gashin ya ɗan yi tudu, inuwar ruwan toka ce da shunayya a ciki. Da hantsi launukan nan sanyi gare su. Da la'asar sakaliya, gefen da rana ta bugo sai ya koma ruwan zuma, ɗaya gefen ya ƙara shuɗi. In lokacin ƙwai ya zo, kanta da ƙirjinta da bayanta su fid da gashi ruwan ƙasa mai haske, bakin nan nata rawaya ya rine ya yi ja na ɗan lokaci. Fari na gaske, wanda ba a gauraya da komai ba, bai wuce ɗan tabo a kan kafaɗa ba, inda haske ya sauka kai tsaye. Shi ake sawa daga ƙarshe, da kauri, sau ɗaya, a ɗauke hannu.

Kuma ko wannan ɗan tabon ba ya haske shi kaɗai. Farin da ya fi kowane fari a akwatin mai zane, wanda ake yi da sinadarin titaniyam, bai shigo kasuwa ba sai wajen 1920, amma duk da haka bai kama ƙafar hasken rana a kan gashin tsuntsu ba. Tunda ba ka da yadda za ka ƙara masa haske, sai ka rage wa abin da ke kewaye da shi. Ka duhunta ciyawa, ka kawo baƙar ƙafar saniya ka ajiye a bayan wuyan tsuntsuwar, ka dushe sama kaɗan. Daga nan balbela ke fara haske. Rabin aikin zana ta a wajen jikinta ake yinsa.

Abin da ya daɗe yana tsaya mini a rai shi ne, launukan nan duka ba ɓoye suke ba. Kullum suna nan a bayan gari, a gaban kowa, kyauta. Sabo ne ya hana mu ganinsu. Tun muna yara aka ce mana fara ce, muka karɓa, ido ya huta. Daga ranar, in mun hango ta, tabbatarwa kawai muke yi cewa ita ce, mu wuce. Ban ce hakan laifi ba ne, domin wanda zai tsaya ya ƙare wa kowane abu kallo ba zai isa gona ba sai rana ta faɗi. Sai dai akwai asara a ciki: abin da muka fi sabawa da shi, shi muka fi jahilta. Mutum zai siffanta maka ɗawisun da ya gani sau ɗaya a gidan zu, gashi da gashi, amma ka ce ya faɗi launin ƙafar kurciyar da ke sauka tsakar gidansa kowace safiya, sai ya yi shiru. Haka abin yake tsakaninmu da mutanen gidanmu. Baƙo ya shigo, nan take mu lura ya rame ko ya yi ƙiba. Mahaifiya kuwa tana tsufa a gabanmu, tafiyarta tana raguwa, ta fara dafa bango in za ta tashi, sai wanda ya shekara bai zo ba ne zai ja mu gefe ya ce, anya kun lura da Inna kuwa?

Ni dai fentin mai ne ya tilasta mini kallo, kuma nawarsa ce ta yi wannan aiki. Ba wanda ake shafa wa ƙofa da taga nake nufi ba, ko da yake dangi ne. Garin launi ne, daga ƙasa ko dutse ko sinadari, a niƙa shi da man linsid, wanda ake tatsa daga irin shukar nan da ake saƙa yadin lilin da zarenta. Bushewarsa ta bambanta da ta ruwa, wanda ke bin iska ya tafi. Shi man iska yake sha a hankali har ya daskare ya zama fata. Shi ya sa shafi siriri kan ɗauki kwanaki, mai kauri ya ɗauki makonni, kuma akan jira wata shida ko fiye kafin a shafa wa zane man ƙyalli na ƙarshe. Masu zane na yankin Flanders, musamman Jan van Eyck wanda ya rasu a 1441, su suka nuna wa Turai iyakar abin da za a iya yi da shi. Ƙarnuka bayan haka a mafitsarar alade ake ɗaure fenti, a huda a matso, ragowar ta bushe. Sai a 1841 wani Ba'amurke mai zane da ke zaune a Landan, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun kuza mai matsuwa, wanda ya ba mai zane damar zuba kayansa a jaka ya tafi daji.

Yana da ƙa'idoji da ba ya yafewa. Launukan ƙasa suna saurin bushewa, fari da baƙi suna da nawa. Shafin farko dole ya zama siriri mai ƙarancin mai, na samansa ya fi shi mai, in aka juya sai na sama ya riga na ƙasa bushewa, bayan 'yan shekaru zanen ya tsattsage. A nan arewa zafi yana taimaka mana, hunturu kuwa babu abin da ya kai shi ɓarna, domin ƙurar da ta zauna a ɗanyen fenti ta zauna ke nan. Sai a toshe taga, a juya fuskar zane ga bango.

To ga kayan aiki mai nawa, ga abin zanawa da ba ya zama wuri ɗaya. Balbelar da ke bin shanu ba za ta tsaya maka ba. Ta taka, ta miƙe wuya, ta karkaɗa shi, ta cafke fara, ta ruga gaban wata saniyar. Don haka da ƙaramin littafi da fensir ake farawa. Ka ja layin baya daga ƙeya zuwa wutsiya, ka sa inda baki ya nufa, ka sa inda ƙafa ta dafa. Ta motsa, ka bar wannan ka fara wani a gefe. Can sai ta dawo tsayuwar farko, don tsuntsaye suna maimaita tsayuwarsu, sai ka koma ka ƙara layi ɗaya. Shafi ya cika da rabi-rabin tsuntsaye, a gefensu ka rubuta launin da ka gani da lokacin da ka gan shi. Lars Jonsson na ƙasar Suwidin, wanda aka haifa a 1952, yana cikin gwanayen wannan zamani, kuma haka yake yi: ido a madubin hangen nesa, hannu a kan takarda, a gaɓar tekun tsibirin Gotland inda yake zaune. Abin da ke fitowa a ƙyalle daga ƙarshe tarin kallo ne. Wuyan na wadda aka gani da safe ne, tsayuwar ta wadda aka gani wancan mako ce, hasken na wata la'asar ne da aka rubuta a gefen shafi.

Akan ce mini, ga waya a hannunka, ɗauki hoto mana ka huta. Ina ɗauka, kuma yana da amfani in ana son tabbatar da jerin gashin fiffike ko tsawon baki. Amma kyamara takan ƙone fari ta toshe inuwa, wato daidai wuraren da launi ke zaune. Takan kuma kama wani ɗan taƙin lokaci da ido bai taɓa gani ba, ƙafa a murɗe, ido a lulluɓe da yanarsa. Wanda ya kwafi hoto layi da layi, zanensa kan fito daidai amma a sandare.

Abin da mai zane yake nema, mutanen karkara suna da shi ba tare da sun kira shi ilimi ba. Matar da ke kiwon kaji ba ta buƙatar ganin gashin shirwa. Daga yadda wutsiyar nan mai baki biyu ke karkacewa a sama ta san ta, ta fito tana ihu tana tafi kafin 'yan tsaki su ankara. Manomi ya san tashin cilakowa tun daga nesa: ta buga fiffike 'yan sau, ta saki jiki ta gangara, ta sake bugawa ta hau. Kowane tsuntsu da yadda yake ɗaukar nauyin jikinsa, kuma in wannan ya kuɓuce wa zane, duk adon da aka zuba a kai ba zai cece shi ba. A nan sanin ƙashi yake shigowa. Gaɓar nan ta ƙafar zalɓe da ke lanƙwasawa baya, wadda ake ɗauka gwiwa ce, idon sawu ne. Gwiwar tana can sama, ɓoye cikin gashi, kusa da ciki, kuma tsuntsu a kan yatsunsa yake tsaye. In ka san haka, za ka san inda za ka sauke ƙafa a ƙarƙashin jiki. In ka kauce da ɗan yatsa guda, mai kallo zai ji tsuntsun na shirin faɗuwa, ko da bai iya faɗin dalili ba.

Zabo ke gwada haƙurin mai koyo. Ganin ɗigo-ɗigon nan farare a kan ruwan toka, sai hannu ya so ƙidaya, ya zauna ya ɗiga su ɗaya bayan ɗaya, girmansu ɗaya, haskensu ɗaya, daga wuya har wutsiya. Aikin kwanaki, kuma in an gama sai zabon ya baje. Ido ba haka yake ganinsa ba. Ɗigon suna ƙanƙancewa in sun doshi wuya, suna matsewa inda jiki ya juya, suna dushewa a cikin inuwa har su ɓace. Waɗanda ake gani sarai ba su da yawa, a inda haske ya faɗo suke. In ka zana waɗannan da kyau, ka bar sauran a alamce, idon mai kallo zai ƙarasa da kansa, ya rantse ya ga kowane ɗigo.

Babu wanda ya nuna haka kamar Carel Fabritius na ƙasar Holan, almajirin mai zane Rembrandt. A 1654 ya zana wani ɗan tsuntsun Turai mai jar fuska da rawaya a fiffike, irin wanda mutanen can ke ajiyewa a gida, yana zaune a kan akwatin abincinsa, da siririyar sarƙa a ƙafa, bayansa farin bango. Allon ƙarami ne, tsawonsa kamar santimita 33, faɗinsa kamar 23, yana ajiye a gidan adana zane na Mauritshuis a birnin Hague. In ka matsa kusa, babu gashi ko ɗaya da aka zana shi kaɗai. Shafe-shafen buroshi ne a fili, ana iya ƙirga su. Rawayar fiffiken ya ɗora ta da kauri, sannan ya juya buroshin ya karce ta da gindinsa tun tana ɗanya, duhun da ke ƙasa ya leƙo. Ka ja da baya taki biyu, sai ga tsuntsu yana kallonka, ka ce yanzu zai juya kai. A shekarar ce, ranar 12 ga Oktoba, rumbun albarushin birnin Delft ya fashe ya rushe unguwanni, Fabritius ya rasu a ciki yana da shekara 32. Zanensa da suka rage a duniya ba su wuce goma sha wani abu ba. Duk lokacin da na ga hannuna ya fara ƙirga gashi, wannan ɗan allo nake tunawa. Mutumin ya san abin da zai bari, kuma ba a sanin abin da za a bari sai an kalli abin har an gane wanne ne ginshiƙi, wanne ne ado.

John James Audubon wata hanya ya bi. Babban littafinsa na tsuntsayen Amurka, wanda aka buga a Birtaniya tsakanin 1827 da 1838, yana da zane 435, kowane tsuntsu da girmansa na zahiri. Harbo su yake yi, ya soke su da waya a kan katako, ya lanƙwasa su yadda yake so, ya zana, yawanci da fentin ruwa. Aikin ya amfani ilimi ƙwarai, kuma a zamanin da babu kyamara ba ni da bakin zarginsa. Amma gawa ba ta faɗin komai game da rai. Tsuntsu na mutuwa ido ke faɗawa, launin baki da na ƙafa su fara dushewa, gashin da ke tashi yana kwanciya da numfashi ya lafe. Manyan tsuntsayensa ma sai da ya tanƙware musu wuya don su shiga shafi. Bruno Liljefors na Suwidin, wanda ya rayu daga 1860 zuwa 1939, shi ma maharbi ne, amma da fentin mai ya zana tsuntsaye yadda ake cin karo da su: agwagwar teku tana hawa igiyar ruwa, gaggafa tana saukar wa abin farauta, wani sa'in sai ka nema kafin ka ga tsuntsun a cikin ciyawa. Ni wajensa zuciyata ta karkata.

Yadda balbela ke ruɗi da fari, haka shamuwa ke ruɗi da baƙi. Kowa a ƙasar Hausa ya san ta, tana isowa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, ba mai taɓa ta, ta ci fara da tsutsa, in ruwa ya ɗauke ta nufi gabashi da kudancin Afirka. A ce baƙa ce mai farin ciki, an gama. Amma tsaya a ƙarƙashin itacen da safe. Baƙin nan yana da sheƙi irin na rawani ɗan Kura da ya fito daga hannun mabuga: ta juya nan ya yi kore, ta juya can ya yi shunayya. Fuskarta shuɗiya ce da ja a gaban ido, ƙafafun ruwan toka, gaɓoɓin da yatsun ja-ja.

Wannan sheƙi ba rini ba ne. Tsarin gashin ne, wanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsa, yake karya haske ya mayar da wani launi gwargwadon inda kake tsaye. Haka yawancin shuɗin da ke jikin tsuntsaye yake, in ka niƙe shuɗin gashi ba za ka sami shuɗin gari ba. Mai zane ba shi da irin wannan a akwatinsa, amma a nan ne fentin mai ya fi kowane fenti. Ba a taɓa baƙin bututu. Shuɗi mai duhu da ƙonannen launin ƙasa ake haɗawa a yi shimfiɗa, a bar ta ta bushe. Sannan a tsinka kore da mai har ya zama ana ganin abin da ke bayansa, a shafa a kafaɗa, a jira. A kawo shunayya haka nan a shafa a wuya, a jira. Haske ya ratsa waɗannan siraran shafi ya dawo, sai baƙin ya yi zurfi, ya yi kamar yana sauyawa. Kowane shafi da kwanakinsa, har ta kan yiwu shamuwar ta kwashe 'ya'yanta ta tafi kafin a gama zanenta.

Irin wannan kallo ya taɓa haifar da ilimi. Abbott Thayer, mai zane ne Ba'amurke, kuma aikin mai zane kullum shi ne ya haskaka saman abu ya duhunta ƙasansa don ya fito da tudu. Sai ya lura dabbobi da tsuntsaye da yawa akasin haka aka halicce su, baya duhu, ciki haske. Rana ta haske bayan, inuwa ta duhunta cikin, biyun su daidaita, jikin ya baje ya saje da wuri, mafarauci ya wuce bai gani ba. Ya rubuta wannan a mujallar masana tsuntsaye ta The Auk a 1896, masana suka karɓa, har yau ana danganta ƙa'idar da sunansa. Sai dai bai tsaya nan ba. A littafin da suka fitar da ɗansa Gerald a 1909, ya nace cewa kusan duk launin da ke jikin dabba don ɓuya ne, har ya zana ɗawisu yana sajewa da kurmi, da jan tsuntsun ruwa mai dogon wuya yana sajewa da jan gajimaren faɗuwar rana. Theodore Roosevelt, tsohon shugaban Amurka, wanda ya dawo daga farauta a Afirka, ya yi masa raddi mai zafi. Abin tausayi ne, kuma abin tsoro ga duk mai kallo. Mutumin da ya ga abin da kowa ya wuce, daga baya abin da ya gano ya zame masa sabon sabo, ya daina ganin tsuntsu, sai ra'ayinsa yake gani a jikin kowane tsuntsu.

Na san akwai mai karatun da tun farkon wannan rubutu tambaya guda ke ransa, wato hukuncin zana abu mai rai. Tambaya ce mai nauyi, ba ta wasa ba. Malamai sun tattauna ta, wasu sun hana gaba ɗaya, wasu kuma, cikinsu har da malaman Malikiyya da yawa, sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe. Wannan fagen malamai ne, mai niyyar koyo ya je ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Kallon kansa dai babu wanda ya hana, kuma shi ne tushen duk abin da nake faɗa. A tarihi kuma, a fadar Sarki Jahangir na daular Mughal a Indiya, wanda ya yi mulki daga 1605 zuwa 1627, an yi wani gwani mai suna Ustad Mansur, wanda sarki kan sa ya zana duk baƙon tsuntsun da aka kawo fada. Ana danganta masa zanen wani tsuntsun tsibirin Morishiyos mai nauyin jiki da ba ya tashi, wanda Turawa ke kira dodo. Kafin wancan ƙarnin ya ƙare irinsa ya ƙare a duniya, kuma zanen na cikin 'yan ƙalilan da masana ke dogaro da su wajen sanin kamanninsa yana raye.

Wannan ne ya kawo ni ga ungulu. Duk wanda ya girma a garuruwanmu shekaru talatin ko arba'in da suka wuce ya san ta a mayanka, a kan rufin kasuwa, a kan rimi da kuka, tana taku a cikin mutane ba tsoro. Ba wanda ya ɗauke ta abin kallo, balle abin zanawa. Ƙazama ce, an yanke hukunci, ido ya huta. Ta ragu, ta ragu, ba wanda zai iya faɗa maka shekarar da ya gan ta ta ƙarshe a unguwarsu. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sa wannan ungulu tamu ta cikin gari a matakin da ke gab da ƙarewa. Dalilan sanannu ne: guba da ake zubawa a mushe, cinikin kanta da sassan jikinta don tsibbu, sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai, ga shi ƙwai ɗaya take yi a shekara, ba ta mayar da gurbi da wuri. A farkon 2020 an tsinci gawar fiye da 2,000 a ƙasar Gini Bisau, guba aka sa musu, da yawa an cire musu kai. Aikin da take yi mana kyauta, na cinye mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta, yanzu karnuka da ƙudaje aka bar wa.

Kuma tsuntsuwa ce da ta cancanci buroshi. Bakinta siriri ne dogo, ba irin na manyan ungulayen daji ba. Ƙeyarta da bayan wuyanta suna lulluɓe da gajeren gashi mai laushi, ruwan toka da ɗan haske. Fatar fuskarta fara-fara ce in tana natse, in ana rububin nama sai jini ya taso ta yi jawur, a gaban idonka take sauyawa. Ruwan ƙasar jikinta kala-kala ne, domin tsohon gashi ya sha rana ya koɗe, sabo yana da duhu. Duk wannan ba a samunsa daidai sai a gaban mai rai, kuma samun mai ran ya zama aiki. Nakan zauna da tsofaffin mahauta in ce, Baba, yaya take tsayuwa in ta ƙoshi, yaya take buɗe fiffike ga rana? Sukan tashi su kwatanta da jikinsu, su ranƙwafar da kafaɗa, su noƙe wuya. Su sun kalle ta, don kullum suna tare da ita a wurin aiki.

A Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka kafa a 2001 a gefen dajin Amurum, kuma daga can ake tafiyar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015. Ba a neman mutum ya zo da digiri ko buroshi. Ka fita bayan garinku, ka rubuta tsuntsayen da ka gani da wurin da ka gan su, ka aika ta manhajar waya. Daga irin waɗannan rubuce-rubuce ake gane garuruwan da ungulu ta rage a cikinsu, da itatuwan da ya kamata a roƙi mai unguwa kada a sare.